Haske

haskē (sn., nj.; jam. haskōkī)

1. Abin da ke sa ido ya gani. Kishiyar duhu: *hasken rana*, *hasken farin wata*.

2. (hoto) Adadin hasken da ke shiga kyamara.
(a) *auna ~*: gwada ƙarfinsa: *A Tudun Jukun da azahar sama fari fat, gindin mangwaro duhu, a kan sama ake aunawa.*
(b) *rage ~*: *Daga 1/250 zuwa 1/500 na daƙiƙa haske ya ragu da rabi.*
(c) *~ ya yi yawa*: *Gajimaren saman Dutsen Kufena ya ɓace a hoton.*

3. Bayani: *Malam, a yi mana ƙarin haske.*

Dangi: haskā̀, haskàkā (fi.) ba da haske, hàskakà (fi.) yi haske. Dubi inuwā̀, hṑtō.