Ɗumame da Ƙwayar da Ba Ta Jin Wuta

A watan Agustan 2024 mutum bakwai suka rasu a ƙauyen Runjin Barmo, gundumar Kajiji ta ƙaramar hukumar Shagari, bayan sun ci rogo. Wannan gubar an san ta, har jaridu suka ɗauka. Akwai wata da ta fi ta yawo a gidaje, daga Shagari har Boɗinga, amma ba a kiran sunanta. Yaro ya ci shinkafar jiya ya kama amai, a ce shawara ce, ko sanyi, ko kambun baka.

Sunanta Bacillus cereus, kuma a ƙasa take zaune. Tun daga fadama take bin shinkafa, tun daga masussuka take bin gero da dawa. A 1887 wasu ma'aurata masana a Ingila, Percy da Grace Frankland, suka ware ta daga iskar wani garken shanu, suka raɗa mata suna da kalmar Latin mai nufin kakin zuma. Ta fi shekara 60 ana yi mata kallon ƙurar da ba ta da laifi.

Wani masani ɗan ƙasar Norway, Steinar Hauge, shi ya tona mata asiri a 1950. Kimanin mutum 600 ne suka kwanta da zawo bayan sun sha wani zaƙaƙƙen kunun fanila da aka dama tun jiya, aka bar shi ya kwana cikin babban mazubi. Don ya kawar da gardama, sai Hauge ya shuka ƙwayar cikin sabon kunu ya shanye da kansa. Bayan fiye da sa'o'i 12 ciki ya murɗa. Ilimi dai ba ya samuwa a banza. A 1971 kuma aka gano ɗaya fuskar tata a Birtaniya, a gidajen abincin 'yan Sin masu soya shinkafar da ta kwana: amai cikin sa'a 1 zuwa 6.

Dabararta ita ce, idan ta ji wuya sai ta ƙulle kanta cikin ƙwanso, tafasa ba ta kashe ta. Wuta ta share mata abokan gasa, abinci ya huce zuwa ɗumi-ɗumi, ta farka ta hayayyafa. Dafin da take zubawa a shinkafa, wanda masanan Japan suka bayyana a 1995, yana jure zafin digiri 121 na tsawon minti 90. Ɗumamen safe bai isa ya karya shi ba.

To yaya mutanen da suka yi da ita, a zamanin da Shehu Usmanu yake Sifawa, kusa da Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815? A ganina tsami da rana suka tsare su. Ƙwayar ba ta yaɗuwa a abu mai tsami sosai, ba ta yaɗuwa a busasshe. Fura sai da nono, kunu sai da tsamiya, koko sai gasara ta kwana ta yi tsami. Ƙanzo kuwa a shanya shi ya bushe ƙarau, sai ran da ake son datu. Har wata 'yar uwarta, Bacillus subtilis, mata suka sa aiki ba tare da sun san sunanta ba: ita ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa.

Abin da ya sauya shi ne shinkafa ta zama abincin kullum da na taro, sannan kula ta shigo. A dafa buhu guda da asuba don ɗaurin aure, a zuba a manyan kuloli, a rufe, ba za a buɗe ba sai bayan la'asar. Ƙa'idar masana ita ce abinci ya zauna sama da digiri 60 ko ƙasa da 5. Kular da ta yi sa'o'i a zafin watan Afrilu tana tsakiya, kuma haka kulolin masu tuwo-tuwo a bakin titin Sakkwato zuwa Jega suke yini.