Makahon Da Ke Bara Don Ya Biya Jiziya

 

'Yan'uwa, a 'yan kwanakin nan na koma karatun Kitabul Kharaj na Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira. Halifa Haruna Rashid ne ya nemi ya rubuta masa shi a kan sha'anin haraji. Abin da ya tsayar da ni a ciki shi ne matsayin nakasassu.

Hukuncin kansa ba shi da tsawo. Jiziya a wurinsa hawa uku ce: dirhami 48 ga mawadaci, 24 ga matsakaici, 12 ga mai ci da gumin hannunsa. Amma ba a karɓarta daga makahon da ba shi da sana'a, ko gurgu, ko miskinin da ake yi wa sadaka. In kuwa makahon ko gurgun mawadaci ne, to ya biya kamar kowa. Ke nan rashin iko aka duba, ba nakasar ita kaɗai ba.

Yadda sauƙin yake isa ga mai shi, nan ne labarin yake. A shekara ta 12 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Abubakar (R.A.), Khalid bin Walid ya yi sulhu da mutanen Hira a ƙasar Iraƙi. Abu Yusuf ya ruwaito cewa Khalid ya ƙirga mazajensu ya samu 7,000, ya tantance su ya tarar 1,000 suna da ciwon da ya zaunar da su, sai ya fitar da su daga lissafi. Aka yi sulhu a kan dirhami 60,000 na mutum 6,000. Ku lura, babu wanda aka ce ya kawo koke. Tun wurin ƙidaya aka cire su. Takardar ta ƙara da cewa duk tsohon da ya gaza, ko wanda wata musiba ta same shi, ko mawadacin da ya talauce, za a ɗauke masa jiziya, a ciyar da shi da iyalinsa daga baitulmali.

Duk da haka, a halifancin Sayyidina Umar (R.A.) sai ga wani tsohon Bayahude makaho yana bara a ƙofar gidan mutane. Umar ya tambaye shi abin da ya kai shi ga haka, ya ambaci jiziya da buƙata da tsufa. Haƙƙinsa yana nan, amma bai iso gare shi ba, mai karɓa kuwa bai fasa zuwa ba. Umar ya kama hannunsa zuwa gida ya ba shi wani abu, kuma galibin masu wa'azi a nan suke tsayawa. Ni kuwa abin da ya biyo baya ya fi mini nauyi: ya aika wa ma'ajin baitulmali cewa ya duba wannan mutum da ire-irensa, domin ba adalci ba ne a ci ƙuruciyarsa a yasar da shi a tsufansa. Ya ɗauke jiziya daga kansu gaba ɗaya. Kyauta mutum ɗaya take warkarwa, umarnin kuwa ya ɗora wahalar nema a wuyan ma'aikaci. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga gurgu a gindin matakalar wani ofishi, takardar da za ta sauƙaƙa masa tana can bene hawa na biyu.

Bayan kusan shekaru tamanin, Umar bin Abdul'aziz, wanda ya yi halifanci daga 99 zuwa 101, ya rubuta wa gwamnansa na Basra, Adiyyu bin Arɗata, cewa kada ya sa jiziya sai ga mai iya ɗauka, kuma ya binciko waɗanda suka tsufa, ƙarfinsu ya ƙare, ya yanka musu abin da zai ishe su daga baitulmali. Abu Ubaid ya kawo wasiƙar a Kitabul Amwal, kuma hujjar da halifan ya kafa a cikinta ita ce labarin wancan tsoho da Umar bin Khaɗɗabi ya tarar yana bara.