Yadda Kwanciya Ta Zama Maganin Ciwon Baya, Da Yadda Aka Soke Ta

A ƙasar Hausa tun gabanin zuwan Turawa, idan manomi ya yi huɗa har kwankwasonsa ya riƙe, ko ɗan dako ya sunkuya ya kasa miƙewa, wurin wanzami ake kai shi, a kafa masa ƙaho a gadon baya, a tsaga, a zuƙe abin da suke kira mataccen jini, sa'an nan a gasa wurin da ruwan zafi, a shafe da man kaɗanya; kuma da yake damina ba ta jiran majinyaci, bayan kwana biyu sai a gan shi ya dogara sanda ya nufi gona.

Amma al'adar kwantar da mai ciwon baya makonni, asalinta Ingila ne. A shekarar 1863 John Hilton, likitan fiɗa a Landan, ya wallafa littafi yana kafa hujja cewa hutu shi ne babban maganin gaɓar da ta yi rauni, sa'an nan Hugh Owen Thomas na Libaful, wanda shi kansa zuriyar maɗora ne, ya tsananta hukuncin, yana ganin lalle hutun ya zama tilas, mai tsawo, marar yankewa. Haƙiƙa maganarsu tana da asali game da karaya da tarin fuka na ƙashi, sai dai waɗanda suka biyo bayansu suka yi ƙiyasi a kanta, suka shigar da kowane ciwon baya a cikin hukuncin, alhali kuwa illar ba ɗaya ba ce. Kuma a kan wannan ƙiyasi aka shafe fiye da shekara ɗari ana kwantar da bayin Allah, jijiyoyinsu na saki, sana'arsu na mutuwa, tsoron motsi yana kama zukatansu.

Sai a 1986 Richard Deyo ya jarraba al'amarin a Amurka, ya tarar waɗanda aka umurta da kwanciyar kwana biyu sun riga masu kwana bakwai komawa bakin aiki, ba tare da ciwon ya ƙaru ba. A 1995 kuma likitocin Helsinki suka nuna cewa wanda ya ci gaba da harkokinsa gwargwadon iko ya fi saurin warkewa bisa ga wanda ya kwanta.

A ganina manomin nan ya dace da gaskiya, ko da yake larura ce ta fitar da shi, kuma askar da ba a tsarkake ba tana da nata hatsari. Ittifaƙin likitoci a yau shi ne majinyaci ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, ya guji dogon zama da ɗaukar buhu har ciwon ya lafa. Amma idan ƙafa ta yi rauni, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko kuwa faɗuwa ce sababinsa, wajibi ne a garzaya asibiti a ranar.