Sankarar Ƙwan Mace Da Yadda Take Bullowa A Fata

Sankarar ƙwan mace ciwon daji ne da ke tsirowa a ɗaya daga cikin jakunkunan ƙwai biyu da ke gefen mahaifa. Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo daga fatar da ta lulluɓe jakar yake farawa, kuma ya fi kama matan da suka manyanta. Sauran nau'o'in ba su da yawa. Akwai wanda ke fitowa daga ƙwayoyin haihuwa, wanda ya fi samun 'yan mata, kuma yana jin magani ƙwarai. Sau da yawa jaka ɗaya ake cirewa, yarinya ta yi aure ta haihu. Akwai kuma wanda likitoci ke kira granulosa, mai zubo sinadarin estrojin, har ya sa tsohuwar da ta daɗe da yanke haila ta sake ganin jini. Mata sukan kawo wa malamai wannan tambaya a babin istihala. Hukuncin sallarta a ba ta, amma a ce mata ta je asibiti.

Ba kasafai ciwon ke kaiwa fata ba. In ya kai, ya fi fitowa a cibiya ko kan tabon tiyata: ƙullutu mai tauri, wani lokaci ya fashe yana tsattsafo da ruwa ko jini. Yana isa can ne ta ruwan cikin ciki ko ta jijiyoyi. Likitan Ingila Hamilton Bailey ne ya sa wa ƙullutun cibiya sunan Sista Mary Joseph a 1949, ma'aikaciyar jinya a Rochester ta Amurka wadda ta lura da shi. Bayyanarsa alama ce ciwon ya yi nisa.

A Showak da sauran garuruwan jihar Gadarif mutane sun saba ganin ƙuraje bayan kala-azar, saboda haka akan raina irin wannan ƙullutu ko a kai wa wanzami ya yi masa sakiya. Wuta ba ta kashe shi, sai ƙara gyambo. Ana tabbatar da shi ta hoton ciki, gwajin jini na CA-125, da yankar ɗan nama a duba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da asibitocin sankara na Khartum, marasa lafiya da yawa suka koma cibiyar da ke garin Gadarif. In babu likita mace, shari'a ta halatta wa namiji ya duba wurin gwargwadon larura, kuma ba ya halatta miji ya hana matarsa zuwa saboda kishi.