Hasashen sakamakon wasannin ƙwallon ƙafa na jami'o'in Amurka

Hasashen sakamakon wasannin ƙwallon ƙafa na jami'o'in Amurka shi ne ƙoƙarin gano ƙungiyar da za ta yi nasara, da yawan makin da za ta ba abokiyar karawarta rata da shi, tun kafin a buga wasa. Wasan da ake nufi shi ne ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake gudu da ƙwallo a hannu ana kuma jefa ta, kuma ɗaliban jami'o'i ne ke buga ta a ƙarƙashin hukumar NCAA. 'Yan jarida da masana lissafi da kamfanonin caca da magoya baya duk suna yin wannan hasashe a kowane mako na kakar wasa, daga ƙarshen watan Agusta zuwa watan Janairu. Mai hasashe yana auna yiwuwar abin da zai faru ne, don haka ko tsarin da ya fi inganci yakan yi kuskure a wasanni da dama.

Tarihi

An buga wasan farko tsakanin jami'o'i a ranar 6 ga Nuwamba 1869, inda Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4. Da ƙungiyoyi suka yawaita, sai aka rasa hanyar kwatanta waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Frank Dickinson, malamin tattalin arziki a Jami'ar Illinois, ya ƙirƙiro wani tsarin lissafi na jera ƙungiyoyi, wanda aka yi amfani da shi daga 1926 zuwa 1940. A 1936 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya fara ƙuri'ar jin ra'ayin marubuta wasanni, sannan ƙuri'ar masu horarwa ta biyo baya a 1950.

Daga 1998 zuwa 2013 tsarin BCS ya haɗa ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta wajen zaɓar ƙungiyoyi biyu da za su buga wasan ƙarshe. A 2014 aka maye gurbinsa da gasar College Football Playoff, inda kwamiti mai mutum 13 yake zaɓar ƙungiyoyi 4. An faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12 a kakar 2024.

Hanyoyin hasashe

Hanya ta farko ita ce ra'ayin masana. Tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa da 'yan jarida suna kallon wasannin baya, su faɗi wanda suke ganin zai ci. Shirin College GameDay na tashar ESPN ya yi suna a wannan fanni. Daga 1996 zuwa lokacin da ya yi ritaya a 2025, Lee Corso yakan rufe shirin ta hanyar sanya kan dodon tambarin ƙungiyar da ya zaɓa.

Hanya ta biyu ita ce lissafi. Ana ba kowace ƙungiya lamba da ke nuna ƙarfinta, sai a cire ƙaramar lamba daga babba. Alal misali, idan wata ƙungiya tana da 20, abokiyar karawarta kuma tana da 12, ana sa ran ta farko za ta ci da ratar maki 8. Idan a gidanta za a buga, sai a ƙara mata maki 2 zuwa 3, wanda shi ne abin da akasari ake ƙiyasta wa amfanin wasa a gida. Jeff Sagarin ya fara buga irin wannan lissafi a jaridar USA Today a 1985. Akwai kuma tsarin Kenneth Massey, da SP+ na Bill Connelly, da FPI na tashar ESPN. Wasu suna aron tsarin Elo, wanda Arpad Elo ya ƙirƙira don auna ƙarfin 'yan wasan dara na ces.

Hanya ta uku ita ce tazarar maki ta kamfanonin caca. Ana danganta ƙirƙirar ta ga Charles McNeil, tsohon malamin lissafi da ya koma karɓar caca a Chicago a shekarun 1940. Idan aka ce an fifita wata ƙungiya da maki 7, wanda ya zaɓe ta ba zai ci ba sai ta yi nasara da ratar da ta wuce 7. Tazarar tana canzawa a cikin mako bisa labarin rauni da yawan kuɗin da aka zuba a kowane ɓangare. Lambobin 3 da 7 sun fi muhimmanci, domin buga ƙwallo tsakanin sanduna yana ba da maki 3, kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya tare da bugun ƙari kuma yana ba da 7, kuma wasanni da yawa da irin wannan rata suke ƙarewa.

Abubuwan da ake dubawa

Masu hasashe sun fi mai da hankali kan matsakaicin yadin da ƙungiya ke ci a kowane hari, da wanda take bari a ci ta, sannan su daidaita alƙaluman da ƙarfin abokan karawar da ta fuskanta. Suna duba lafiyar mai jefa ƙwallo, wanda ake kira kwatabak, domin rashinsa kan sauya hasashe fiye da rashin kowane ɗan wasa. Ana kuma la'akari da iska da ruwan sama, da nisan tafiya, da kwanakin hutu. Kafin kaka ta fara, ana dogara ne da yawan gogaggun 'yan wasan da suka dawo da ingancin sababbin da aka ɗauka. Asarar ƙwallo ga abokan hamayya tana yanke wasanni da yawa, amma akwai sa'a a cikinta sosai, don haka ba a cika gina hasashe a kanta ba.

Bambanci tsakanin hasashe da cancanta

Jerin da ke saka wa ƙungiya kan abin da ta riga ta yi dabam yake da jerin da ke hasashen abin da za ta yi. A 2002 BCS ta hana kwamfutocinta la'akari da ratar maki, don kada manyan ƙungiyoyi su riƙa lallasa ƙanana da gangan, alhali ratar maki tana cikin abubuwan da suka fi taimaka wa hasashe. A 2023 Florida State ta ci duk wasanninta 13, amma kwamitin gasar ya bar ta a waje bayan kwatabak ɗinta Jordan Travis ya ji mummunan rauni a ƙafa. Hukuncin ya jawo muhawara kan ko cancanta ya kamata a duba ko ƙarfin ƙungiya a lokacin.

Abin da ke sa hasashe wuya

Babban rukunin jami'o'i, wato FBS, yana da ƙungiyoyi sama da 130, kuma kowace tana buga wasanni 12 kacal kafin wasannin ƙarshen kaka. Gasar ƙwararru ta NFL kuwa tana da ƙungiyoyi 32 masu buga wasanni 17 kowace. Saboda haka yawancin ƙungiyoyin jami'o'i ba sa haɗuwa, kuma alƙaluman da ake da su kaɗan ne. 'Yan wasa suna kammala karatu su tafi, sannan tun 2021 an sauƙaƙa musu sauya jami'a, lamarin da ya rage amfanin alƙaluman kakar da ta gabata.

Wasannin da suka karya hasashe

A ranar 1 ga Satumba 2007 Appalachian State, wadda ke ƙaramin rukuni a lokacin, ta doke Michigan, ta biyar a jerin Associated Press, da ci 34 da 32 a gidanta. A wannan kakar kuma Stanford ta doke USC da ci 24 da 23, duk da an fifita USC da maki 41. A 2017 Howard ta doke UNLV da ci 43 da 40 bayan an fifita UNLV da maki 45.

Caca da doka

Wata dokar tarayya ta 1992 ta taƙaita cacar wasanni ga jihohi ƙalilan, musamman Nevada. Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar a ranar 14 ga Mayu 2018, kuma tun daga nan jihohi da yawa suka halatta ta. A ƙa'idar da aka saba, mai caca yana saka dala 110 don ya ci 100, wanda ke nufin sai hasashensa ya yi daidai fiye da kashi 52.4 cikin ɗari kafin ya ci riba. Mutane kaɗan ne ke iya haka na tsawon lokaci. Hukumar NCAA ta haramta wa 'yan wasa da masu horarwa yin caca a kan wasannin jami'o'i. A 1996 Boston College ta dakatar da 'yan wasanta 13 saboda karya wannan doka.