Tafki Biyu, Makoma Biyu: Harsunan Ƙasar Yawuri da Harshen Welsh

Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta al'ummomi biyu waɗanda ruwa ya ci garuruwansu a zamani ɗaya, domin a gano abin da ke tsare harshe idan masu shi suka rabu da mazauninsu.

Ƙasar Yawuri, wadda ta ƙunshi Yawuri da Ngaski da Shanga, tun fil azal matattarar harsuna ce. A tsibiran Kwara akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, harshensu kuwa Tsureshe. Akwai Kambari da Lopawa da Larawa, dukkansu daga rukunin da masana suka raɗa wa suna Kainji. Shanganci kuwa ɗan dangin Mande ne, ɗan'uwan harsunan Kyanga da Busa. Hausa ta daɗe da zama harshen fada da kasuwa, har ya zamana Bagunge kan musulunta, ya koma gari, ya wayi gari Bayawuri, kamar yadda Frank Salamone ya bayyana a 1975.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Waɗanda ruwa ya killace a da, sai ga su a tudu, kusa da hanya da kasuwa da makaranta. Madatsar ba ita ta haifar da rinjayen Hausa ba, amma ta kawar da shingen da ke rage masa gudu.

Shekara uku kafin wannan, irin haka ta auku a Birtaniya. A 1965 aka buɗe tafkin kwarin Tryweryn a ƙasar Wales domin shayar da birnin Liverpool, ya nutsar da ƙauyen Capel Celyn, inda harshen Welsh kaɗai ne abin magana a gida. Wannan harshe na dangin Keltik ne, tare da na Ailan da na tsaunukan Sikotilan da na Biritani ta Faransa. Sai aka rubuta kalmomi biyu a jikin wani bango, "Cofiwch Dryweryn", wato "Ku tuna da Tryweryn". Mai koyo zai lura cewa harafin T ya koma D, domin a harsunan Keltik farkon kalma kan sauya gwargwadon matsayinta a jimla. Ɓacin ran ya ƙarfafa gwagwarmayar harshe. Aka kafa dokar harshen a 1967 da 1993, aka kuma buɗe tashar talabijin ta S4C a 1982. Ƙidayar 2021 ta sami masu jin harshen 538,300.

Bambancin yana ga rubutu. Tun 1588 William Morgan ya fassara Baibul gaba ɗaya zuwa Welsh, fassarar ta zama ma'aunin daidaitaccen harshe, talakawa suka koyi karatu da ita. Saboda haka ruwa ya ci ƙauye, bai ci harshe ba. Harsunan Yawuri kuwa, abin da aka fara rubutawa a kansu aikin baƙi ne domin baƙi, kamar bayanan P. G. Harris kan Tsureshe a 1946, da nazarin Carl Hoffmann kan azuzuwan suna na Kambarci a 1963.

Darasin a fili yake. Jerin kalmomi yana adana harshe ga masani, amma fassara da karatun yara ne ke adana shi ga masu shi. Harshen tsibirin Man ya rasa mai jin sa tun goyo na ƙarshe, Ned Maddrell, a 1974, kuma da muryoyin da aka naɗa aka farfaɗo da shi. Ya kamata manazartanmu su naɗi dattawan Gungawa da Shangawa tun suna raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.