Bayan An Sallamo Shi Daga Shika: Wa Ke Duba Wanda Ya Tashi Daga Ciwon Daji?

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, kuma ta shafi abin da gidaje da yawa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suka sani: mutum ya kamu da ciwon daji, an sayar da akuya da buhun masara an kai shi babban asibiti, an yi masa aiki, Allah ya sa ya dawo gida da ransa. To, daga nan wa ke duba shi?

A da ba a cika yin wannan tambaya ba, domin kaɗan ne ke dawowa. A zamanin En'e, abin da karkara ta sani shi ne ɗakin shan magani, inda malamin asibiti ke wanke gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Ƙari ko miki da ya ƙi warkewa, wanda ake kira daji ko sankara, wurin mai maganin gargajiya ake kai shi. Sai mai rabo ne ke isa babban asibitin birnin Kano, wanda yau ake kira Asibitin Murtala.

Daga nan tarihin ya rabu gida biyu. Hanya ta farko ita ce ta manyan asibitoci. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wani nau'in daji da ke kumbura muƙamuƙin yara. A 1960 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan, kuma a can ne Dokta Victor Ngu ya kasance cikin waɗanda suka nuna cewa magani na iya narkar da wannan ƙari na yara. Wannan ya tabbatar da cewa ana tashi daga daji. A Arewa kuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya zama madogara wajen gashin daji, an kuma kafa Asibitin Malam Aminu Kano a 1988.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙananan asibitoci. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa tushen lafiyar al'umma shi ne asibitin da ke kusa da gida. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki wannan da gaske a Najeriya. Ya fara gwaji da ƙananan hukumomi 52, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko a 1992. Aikin da aka ɗora wa waɗannan asibitoci shi ne rigakafi, awon ciki, karɓar haihuwa, ruwan gishiri da sukari, da maganin zazzaɓin cizon sauro. Hakan daidai ne, domin waɗannan ne ke kashe yara da mata. Sai dai ba a tanadi wurin wanda ya dawo daga Shika ba.

Ba mu kaɗai muka samu wannan giɓi ba. A Amurka, wani likita mai suna Fitzhugh Mullan, wanda shi kansa ya yi fama da daji, ya yi rubutu a 1985 yana jan hankali cewa rayuwar bayan magani wani mataki ne mai buƙatar kulawarsa. Bayan shekara ashirin, wani babban rahoto a can ya ba da shawarar a riƙa ba kowane majiyyaci takarda mai bayanin irin dajinsa, maganin da ya sha, da abin da likitan unguwarsu zai riƙa dubawa.

Mu dawo gida. Matar da aka cire wa nono, in daga Riruwai take, sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta iso Kwanar Dangora, sannan ta nufi Kano ko Zariya. Kowace komawa kuɗin mota ne na mutum biyu, da barin gona, da neman makwanci. In kuɗi ya ƙare, sai a daina zuwa. Alhali da yawa daga abin da take buƙata ana iya yinsa kusa da gida: a tabbatar tana shan ƙwayar tamoxifen da akan ba wasu har shekara biyar ko fiye, a duba kumburin hannu a ɓangaren da aka yi aikin, a auna hawan jini da sukari, a rage mata zafin ciwo, a saurari damuwarta. In an ga sabon ƙulli, ko zubar jini, ko ciwon ƙashi da tarin da suka ƙi tafiya, a mayar da ita babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

A karkararmu, wanda zai yi wannan aiki sau da yawa ba likita ba ne. Jami'in lafiya ne, irin waɗanda makarantar koyon aikin lafiya ta Bebeji ke yayewa, ko ungozoma, sai likitan babban asibitin ƙaramar hukuma a bayansu. Dokar lafiya ta 2014 ta ware wa irin waɗannan asibitoci asusu na musamman. A Oktoban 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin dajin bakin mahaifa, Kano na cikin jihohin farko. Ke nan maganar daji ta shiga ƙaramin asibiti ta ƙofar rigakafi. Abin da ya rage shi ne majiyyaci ya dawo da takarda mai bayani, a kuma horar da wanda zai karanta ta.

Mu marubuta muna da namu kason. A labaranmu, da zarar likita ya ce daji ne, ko dai jaruma ta mutu, ko a fita da ita waje ta dawo garau. Ba mu cika rubuta shekarun da ke biyo baya ba: zama da miji, tsegumin maƙwabta, bashin da aka ci, da jami'in lafiyar da ke tuna mata ranar komawa asibiti. Wanda zai rubuta wannan, ya je asibitin mazaɓarsu ya zauna ya yi tambaya tukuna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ina jiran gyara da ƙarin bayaninku.